Hoton dijital ba ya ƙonewa, to da me za a gane an cika wa majinyaci haske?

Rukayya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya ce da ni a kan darasin gwajin da muka yi. Mun ɗauki hoton eksire na fantom ɗin gwiwa (gwiwar kwaikwayo ta koyo) da kaset na CR (farantin da ake kai wa na'ura ta karanta), kVp 60 (ƙarfin ratsawar haske), tazara santimita 100, sau biyu: na farko mAs 4 (mAs ita ce yawan hasken), na biyu mAs 8. Da hotunan suka fito a allo haskensu ɗaya ne, ba wanda ya fi wani duhu, alhali littafi ya ce idan aka ninka mAs hoto zai yi baƙi. Na biyu, lambar S, wadda CR ke nuna hasken da ya isa faranti da ita, sauka ta yi daga 400 zuwa wajen 200, amma a ɗakin DR, inda ditekta ke tura hoto allo kai tsaye, lambar EI mai irin wannan aikin hawa take yi idan an ƙara mAs. Wacce zan bi? Kuma in dai hoto ba ya ƙonewa, da me zan gane na cika wa mutum haske?

Malam Awudu:
Wa alaikumus salam 'yata. Littafin bai yi ƙarya ba, zancen fim yake yi. Fim shi kaɗai ke karɓar hasken eksire, shi ke nuna hoton, shi ake sakawa a ambulan a ajiye. Saboda haka duk abin da aka zuba masa sai ya bayyana a fuskarsa. A rage, ya fito fari fat. A cika, ya fito baƙi ƙirin, likita ya maido da shi. A dijital an raba ayyukan nan: faranti ko ditekta ke karɓa, kwamfuta ke sarrafawa, allo ke nunawa, PACS, wato ma'ajiyar hotuna ta kwamfuta, ke ajiyewa.

Ga abin da kwamfutar ke yi. Kowane ɗigo na hoton, wato fiksel, yana da lamba gwargwadon hasken da ya same shi. Sai ta ƙirga: fiksel nawa ne ke da ƙaramar lamba, inda ƙashi ya tare haske, nawa ne a tsakiya, inda nama yake, nawa ne ke da babbar lamba, inda haske ya wuce ba abin da ya tare shi. Wannan ƙirgen shi ne histogiram. Lokacin da kika zaɓi gwiwa a menu, kin gaya mata irin histogiram ɗin da za ta nema ke nan. Sai ta ware yankin da ke da amfani, ta jawo shi zuwa hasken da aka tsara wa gwiwa, ta bi da shi ta teburin LUT wanda ke ba shi bambancin fari da baƙi. Ninka mAs tura histogiram ɗin gefe kawai yake yi, siffarsa na nan, kwamfuta ta jawo shi ta mayar mazauninsa. Shi ya sa hotunanki biyu suka yi kama.

Wannan alheri ne, don maimaici ya ragu ƙwarai. Amma haɗarin ma a nan yake. Idan haske ya yi kaɗan, hoto ya yi yashi-yashi, kowa ya gani ya yi ƙorafi. Idan ya yi yawa, hoto ƙara kyau yake yi, ba mai cewa uffan. To don gudun ƙorafi, yau a ƙara kaɗan, gobe a ƙara, kafin shekara ta zagayo sashe gaba ɗaya yana ba mutane ninkin abin da ake buƙata, kuma ba wanda ya lura. Wannan ita ce babbar cutar aikinmu tun da aka bar ɗakin wanke fim.

Malam Bawa:
Malam ya gama magana a kan hasken hoto. Bari in ɗora da lambobin.

Rukayya, ki buɗe hotunanki biyu ki ƙara girmansu a wuri ɗaya, misali kan ƙashin ƙauri. Za ki ga na mAs 4 ya fi yashi-yashi. Dalili: ƙwayoyin hasken eksire ba sa sauka a jere, kamar yayyafi ne a kan siminti, in ya yi kaɗan wani wuri ya jiƙe wani wuri a bushe, in ya yi yawa ko'ina ya yi daidai. Lissafinsa kuwa ba ya da sauƙin kai: kafin yashin ya ragu da rabi sai an ninka mAs sau huɗu. Ki riƙe wannan, don shi ke nuna cewa ɗan kyawun da ake samu da ƙarin mAs majinyaci ne ke biyansa da tsada.

Game da lambobi, kowane kamfani da nasa ya fito. Lambar S ta Fuji juyayya ce: haske ya ninka, lamba ta koma rabi, shi ya sa kika ga 400 ta zama 200. Ta Agfa, lgM, tana ƙaruwa da 0.3 idan haske ya ninka. Tsohuwar EI ta Kodak, wadda Carestream ta gada, tana ƙaruwa da 300. Wanda ke aikin safe a asibitin gwamnati da yamma a wani kilinik a Aboabo ta Kumasi yana iya haɗuwa da biyu daga ciki a rana guda, ya ga lamba ta hau ya ɗauka haske ya yi yawa, alhali a waccan na'urar ma'anarsa haske ya yi kaɗan.

A 2008 hukumar IEC, mai tsara ma'aunan kayan lantarki a duniya, ta fitar da ma'auni guda mai lamba 62494-1. A cikinsa EI tana tafiya kai tsaye da hasken da ya isa ditekta: maikirogire 1 (ma'aunin yawan haske) shi ne EI 100, maikirogire 2.5 shi ne EI 250. Sannan kowane irin hoto ana sa masa lambar da ake so a cimma, EIT. Sai lamba ta uku, DI, wadda ke gaya miki nisan da kika yi daga abin da ake so. DI 0, kin dace. +1, kin zarce da kashi 26 cikin 100. -1, kin gaza da wajen kashi 20. +3, kin ninka. -3, rabi kika bayar. Misali EIT 250 ce, hoto ya ba da EI 500, DI ita ce +3. Wannan ce amsar tambayarki ta ƙarshe: ido ba zai gaya miki ba, DI za ki duba, bayan kowane hoto, kafin majinyaci ya tashi daga tebur.

Fuseini:
Malam Bawa, da girmamawa, a takarda haka ne, amma a ɗaki ba haka muke gani ba. Akwai na'urorin da DI ɗinsu kullum ja take nunawa, ko hoto ya yi kyau ko bai yi ba. Hoton hannu +4, hoton ƙirji -2, likita kuma bai taɓa maido da ko ɗaya ba. Lambar da kullum take kuka, ai dole mutane su daina sauraronta.

Malam Bawa:
Gaskiyarka ƙanena, kuma laifin ba na lissafin ba ne. Abu uku ke kawo haka.

Na farko kuma mafi yawa: ba a taɓa zama an tsara EIT ba. An kafa na'ura, an bar lambobin da ta zo da su daga kamfani, wani lokaci lamba ɗaya ga hannu da ƙirji da ƙugu. DI kuwa da EIT take auna kanta, in ma'aunin ya karkace duk abin da ta faɗa a karkace yake. Aikin mai ilimin fiziks na asibiti ne da likitan hoto da shugaban sashe su zauna su tsayar da EIT ga kowane irin hoto.

Na biyu, kwamfuta daga yankin da ta ɗauka shi ne jikin mutum take lissafa EI. In an buɗe kolimeta, wato marufin da ke taƙaita filin haske, warwar, haske tsirara ya cika gefen hoto, ko an ajiye hannu can kusurwar faranti, ko akwai ƙarfen tiyata a ƙugu, ko an ɗauki hoto biyu a faranti ɗaya ba a raba su da kyau ba, sai ta ɗauki yankin da ba shi ba, EI ta fito ba daidai ba, wani lokaci hoton kansa ya fito toka-toka. Na uku, zaɓen menu: a ɗauki ƙafa a ƙarƙashin ciki don sauri.

Kuma a kiyaye, EI ba ita ce adadin hasken da ya shiga jikin majinyaci ba. Abin da ya ratsa shi ya isa ditekta take aunawa. Mutum mai jiki da siriri za su iya ba da EI ɗaya, alhali mai jikin ya sha ninki da yawa. Wanda ke son adadin majinyaci ya duba mitar KAP da ke bakin kolimeta.

Abu ɗaya kuma da ba na so a yi wasa da shi: hoton da DI ta nuna +3 ba a maimaita shi. An riga an ba mutum ninki, kada a ƙara masa. Sai dai idan hasken ya cika ditekta har wani wuri, kamar huhu ko gefen fata, ya toshe baƙi ba a iya dawo da shi da windo, wato gyaran haske da duhu a allo. A rubuta, a gyara a kan na gaba.

Hajiya Salamatu:
Tunda an taɓo kolimeta, bari in yi magana a kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yanke hoto a kwamfuta ba shi ne rufe kolimeta ba. Ana kawo jariri hoton ƙirji, a buɗe haske daga haɓa har cinya, a dawo kan allo a ja baƙin labule a rufe, a tura wa likita ƙirji tsaf. Hoto ya yi kyau, amma ciki da wuyan yaron sun riga sun sha abin da ba a nema ba. Ban da haka, faɗin fili yana ƙara warwatsattsen haske, wanda ke dusashe hoton da kansa. Kuma duk abin da haske ya ratsa hakkin likita ne ya gani, don ana iya samun karaya ko wani abu a wurin da aka rufe. Ni a ganina kowane hoto ya tafi da ɗan farin layin gefen kolimeta a bayyane, shi ne shaidar cewa kafin a danna aka rufe.

Yarana masu tasowa, ga na jarirai: kVp 60 zuwa 65, mAs 1 zuwa 2, lokaci gajere iyakar iyawa don ba sa riƙe numfashi. A cire girid, wato matacin da ke tare warwatsattsen haske. Girid na gaɓar da kaurinta ya wuce santimita 10 zuwa 12 ne, kuma sa shi yana tilasta ninka mAs sau uku zuwa biyar. Kada a dogara da AEC, wato na'urar da ke auna haske ta yanke shi da kanta, a kan ƙaramin yaro, don jikinsa ba ya rufe ɗakin awon, na'ura ta yanke da wuri ko ta rikice. A yi teburin mAs bisa nauyi ko kaurin jiki a manna a bango. Inda na'ura ke da ƙarin matacin tagulla na milimita 0.1, a sa shi.

Sai alamar dama da hagu. A ɗora ta darma a kan kaset kafin a ɗauka. Wadda ake bugawa a kwamfuta bayan an gama, hoto na iya juyewa a menu a buga R a hagu, kuma ba wanda zai iya tabbatarwa daga baya.

Rukayya:
Na gode Hajiya, na gode Malamai. Injiniya, in kana kusa: me ke faruwa a cikin kaset ɗin CR tsakanin ɗauka da karantawa? Kuma don me ake cewa a goge faranti da safe ko ba a yi aiki da shi ba?

Injiniya Tanko:
Ina nan ƙanwata. CR kamfanin Fuji ne ya fara fito da ita kasuwa a 1983. A cikin kaset akwai faranti mai shafin sinadarin bariyum da fulorin da buromin, da ɗan yurofiyum a ciki. Hasken eksire in ya same shi yana ɗaga wasu ilektoron su maƙale a wasu gurabe cikin sinadarin. Inda haske ya fi yawa, maƙalallun sun fi yawa. Hoton yana nan ke nan a ɓoye. A cikin na'urar karantawa, jan hasken leza yana bin farantin layi-layi yayin da rola ke jan sa a hankali. Duk inda leza ta taɓa, ilektoron su saki, su ba da haske shuɗi. Wani madubin tattara haske ya kai shi bututun PMT, ya zama wutar lantarki, a mayar da ita lambobi. Daga ƙarshe fitila mai ƙarfi ta haske farantin ta share saura.

Daga nan za ki gane dokokin. Maƙalallun ilektoron suna zubewa da kansu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a awa takwas, don haka kaset ɗin da aka ɗauka a wodi a karanta shi cikin awa guda. Farantin kuma ba ya barci: yana tara hasken da ke cikin yanayi da wanda ke warwatsuwa a ɗakin ɗauka. Wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu ba a taɓa shi ba a share shi kafin aiki, kuma kada a jingine kaset a bangon ɗakin da ake ɗauka. In an yi hoto mai haske da yawa, kamar gefen ƙugu, sharewar farko ba lallai ta isa ba, sai inuwar tsohon hoto ta fito a kan sabo. Akwai dogon sharewa a menu, a yi amfani da shi.

Yanzu ga hunturu na tafe, ƙura za ta fara aikinta. Ku bambance abu biyu kafin ku kira mu. Farin layi siriri miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan, a wuri ɗaya a kan kowane kaset, ƙura ce a madubin tattara haske cikin na'urar. Fararen ɗigo ko tsaga da ke fitowa a kaset ɗaya kaɗai, farantin ne. Gwajin mai sauƙi ne: a sa wani kaset a gani ko layin ya biyo. Shi ya sa yake da kyau kowane kaset ya kasance da lambarsa. Faranti ana goge shi da ƙyalle marar gashi da ruwan gogewar da kamfanin ya amince da shi. Ban da ruwan famfo, sinadarin ba ya shiri da laima, gefensa ya kumbura ya fara maƙalewa a rola.

Sai dumsor, wato ɗaukewar wuta. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar karantawa, leza ta riga ta cinye rabin hoton, ba ya dawowa, sai an sake ɗaukar mutum. Na'urar karantawa da kwamfutarta su kasance a kan UPS, a riƙa gwada batirinsa, ba sai ranar da aka buƙace shi ba.

Fuseini:
Duk wannan wahalar ai ita ta sa nake cewa a bar CR kawai. DR ta fi ta a komai: sauri, kaifi, ƙarancin haske.

Malam Bawa:
Sauri da ƙarancin haske, e. Kaifi kuwa a yi lissafi tukuna. Girman fiksel shi ne faɗin fili a raba da yawan fiksel. Ditekta mai santimita 43 kowane gefe da fiksel 3072 a layi: 430 a raba da 3072, milimita 0.14. Mafi sirantar abin da za ta iya rarrabewa shi ne 1 a raba da ninki biyu na fiksel, wato tagwayen layi kusan 3.6 a milimita. CR da ke karanta ƙaramin kaset a milimita 0.1 iyakarta 5 a lissafi, babban kaset a milimita 0.2 kuwa 2.5. To don yatsa ko wuyan hannu ƙaramin kaset na CR ba abin rainawa ba ne, ko da yake bazuwar hasken leza a cikin farantin tana rage masa wani abu. Darasin ga masu CR: kada a ɗauki yatsa a kaset 35 da 43.

Inda DR ta yi nisa shi ne DQE, wato iya cin moriyar hasken da ya iso ta. Ditektar siziyum ayodayid tana kaiwa kashi 60 zuwa 70 cikin 100, CR ta yau da kullum wajen 20 zuwa 30. Ma'ana DR za ta ba da hoto mai tsabta iri ɗaya da haske ƙasa da na CR sosai. Amma fa sai an rage mAs ɗin da hannu. Sashen da ya koma DR ya ci gaba da teburin CR, ya sayi tsada ne bai ci ribar ba.

Injiniya Tanko:
Kuma DR ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai zagaye: siziyum ayodayid ko gadoliniyum ya mayar da eksire haske, silikon da ke ƙasa ya mayar da hasken caji, jerin ƙananan makunnai na TFT ya karanta. Siziyum a tsaye yake kamar allurai, haske ba ya bazuwa gefe sosai, shi ya sa ya fi gadoliniyum, ya kuma fi shi tsada. Akwai mai kai tsaye: seleniyum ya mayar da eksire caji ba tare da haske a tsakani ba, an fi samunsa a na'urar hoton mama. Mai saye ya tambayi wanne ake sayar masa, kada ya tsaya a kan sunan DR.

Nata matsalolin: faɗuwa ƙasa, wadda ke iya fasa gilashin ciki gaba ɗaya, jini ko fitsari ya shiga ta gefe, don haka a sa ta a leda a ɗakin gaggawa, mutum ya tsaya a kanta ba murfin kariya. Sai kalibireshin, wato daidaita ditekta. Fiksel ba sa amsawa daidai da juna, wasu ma matattu ne, kwamfuta ke cike gurbinsu da na maƙwabta. In an daɗe ba a yi ba sai a fara ganin ratsi-ratsi ko murabba'ai. Wajen yin sa a cire girid, a share tebur, a buɗe kolimeta ta rufe ditekta duka, a bi tazarar da kamfani ya faɗa. Duk abin da aka manta a gaban ditekta ranar, inuwarsa za ta bi kowane hoto har sai an sake.

Malam Awudu:
Ni ban yarda a yi wa CR jana'iza yanzu ba. Ƙaramin asibiti a Asawase ko Tafo da ke da tsohon injin eksire mai lafiya, CR tana shiga ba tare da an canja tebur ko bututu ba. Kaset ya lalace a sayi wani, aiki bai tsaya ba. Ditekta ɗaya tilo ta faɗi, an rufe ɗaki sai an haɗa kuɗi masu nauyi. A duba yawan majinyata da aljihu.

Hajiya Salamatu:
Malam, a kan manya na bi ka. A wurin da yara suka fi yawa ban bi ka ba. Jaririn da ke kwance a sashen jarirai ana iya ɗaukarsa sau da dama cikin mako, ragin da DR ke bayarwa a kowane hoto taruwa yake yi. Kuma ganin hoto nan take yana nufin in bututun da aka sa masa bai zauna daidai ba a gyara kafin a bar gadon.

Fuseini:
To wata tambayar. Tunda LUT ke ba da bambancin fari da baƙi, kVp ta daina aiki ke nan? Me zai hana a ɗaga ta sosai a kan komai a rage mAs?

Malam Awudu:
Ana ɗagawa, amma da iyaka. Dokar kashi 15 tana nan: ƙara kVp da kashi 15 cikin 100 yana ninka hasken da ke isa ditekta, sai a raba mAs biyu. Daga 70 da mAs 20 zuwa 80 da mAs 10, EI kusan ɗaya, majinyaci ya sha ƙasa. Wannan riba ce. Amma kwamfuta bambancin da ya iso ta kawai take iya faɗaɗawa. In kVp ta yi yawa, ƙashi da nama suna tare haske kusan daidai, warwatsattsen haske ya ƙaru, bambancin ya mutu tun a jikin mutum. Haka in ta yi kaɗan ba ta ratsa ba, ko mAs nawa aka zuba ba hoto. Ƙirjin babba a tsaye: 110 zuwa 125, da girid, tazara santimita 180, ɗakunan AEC na gefe biyu don su ke bayan huhu. A zaɓi na tsakiya, na'ura za ta auna ƙashin baya ta cika wa huhu haske, hoton kuma ya fito lafiya lau, DI kaɗai za ta tona. Kuma a tuna tazara: daga 100 zuwa 180, mAs sai ta ninka sau 3.24 kafin ditekta ta sami abin da take samu.

Dakta Alhassan:
Salamu alaikum. Na karanta duka, Allah ya saka. Daga ɓangaren mai karanta hoto ina da roƙo biyu.

Na farko, ku turo hoton yadda na'ura ta sarrafa shi. In an ja windo an ƙara kaifin gefe sosai sannan aka adana, wasu na'urorin abin da aka gani a allo kawai suke turawa PACS, ni kuma ba ni da hanyar komawa baya. Ƙarin kaifi mai yawa yana zana baƙin layi a kewayen ƙarfen tiyata, ya yi kama da ƙarfen ya saki.

Na biyu, hoton waya. Ditekta tana adana kowane fiksel a bit 12 zuwa 16: matakan toka 4096 a bit 12, 16384 a bit 14. Windo ke ba ni damar leƙa bayan zuciya da ƙasan haƙarƙari a hoto ɗaya. Wanda ya ɗauki allo da waya ya turo ta WhatsApp ya mayar da shi matakai 256, an matse shi, ga hasken taga a kai. Karayar da ta rabu za a gani. Siririn layin iskar da ta taru a saman huhu, ko ƙaramin ƙulli, ba za a gani ba. A turo ainihin fayil ɗin hoton, wato DICOM, ko a CD ne. Ban da haka sunan mutum da shekarunsa suna kan hoton, kuma dokar Ghana ta kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta shafe mu.

Allon karatu ma ba na ofis ba ne. Megafiksel 3 don hoton yau da kullum, 5 don hoton mama, a daidaita shi da ma'aunin toka na DICOM, ɗaki a rage masa haske. Hoto mai fiksel 3072 kowane gefe ya haura megafiksel 9, ya fi allon, dole a ƙara girma kafin a ce babu karaya. Ku ma allonku na ɗakin ɗauka ku buɗe hoton gwaji na SMPTE lokaci-lokaci: in ba kwa ganin ƙaramin murabba'in kashi 5 a cikin baƙi da na kashi 95 a cikin fari, allon yana ɓoye muku abu.

Injiniya Tanko:
Dakta ya tuna mini ajiya. Hoto ɗaya irin wannan, bayit biyu kowane fiksel, kusan megabayit 19 ne. Hoto 100 a rana ya kusa gigabayit 2. Kwamfutar na'ura ba ma'ajiya ba ce, in ta cika tana share tsofaffi ko ta tsaya. A sami PACS ko da ƙarami, da kwafi na biyu a wani ɗaki dabam.

Rukayya:
Saura ɗaya Injiniya. Wani lokaci hoton wodi da aka ɗauka da girid yana fitowa da ratsi kamar igiyar ruwa. Farantin ne?

Injiniya Tanko:
Ba farantin ba ne. Layukan girid ɗin da ba ya motsi ne suka yi karo da layukan da leza ke bi. Yana faruwa idan sun kwanta a fuska ɗaya kuma yawansu ya yi kusa. A sa girid yadda layukansa za su gitta hanyar leza, ko a nemi mai layi 60 ko fiye a santimita. A teburin da girid ke motsi ba a ganinsa, in kuwa ya fito a can to motar girid ɗin ta tsaya. Ki bambanta shi da yankewar girid: a karkata kaset a bayan mai jinya, ko a kifa girid mai saiti, sai gefe ɗaya ko gefe biyu su yi fari da yashi, EI ta faɗi.

Fuseini:
Malam Bawa, in muna so a gyara mana EIT, me za mu kawo?

Malam Bawa:
Ku fara da hotuna uku da kuka fi yi, misali ƙirji, ƙugu da ƙashin baya. Kowanne ku tara aƙalla manya 20 masu matsakaicin jiki, kilo 60 zuwa 80. A rubuta kVp, mAs, tazara, da girid ko babu, ɗakin AEC da aka zaɓa, EI, da KAP in akwai. A ware waɗanda ke da ƙarfe a jiki da waɗanda aka buɗe wa kolimeta fiye da kima. Dakta ya duba ya nuna waɗanda yashinsu bai hana shi karatu ba. A jera EI ɗinsu daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya, ita ce EIT ta farko. Daga nan a rage mAs mataki ɗaya, a sake tarawa, a ga ko Dakta zai lura. Kafin duk wannan sai an tabbatar EI ɗin na'urar kanta daidai take, a auna ta da mita, kuma irin takardun gwajin da Hukumar Kula da Nukiliya ke dubawa ne lokacin lasisi, don haka a adana su a fayil. Kowane ɗaki da takardarsa, kada a haɗa CR da DR wuri ɗaya. Kuma ban da sunan majinyaci a takardar, lambar jeri ta wadatar.